BABI NA UKU: NAZARIN AYOYIN DA AKE KAFA HUJJA DA SU A KAN DANGANTAKAR ƘASHIN KAI TSAKANIN MUTUM DA ALLAH A ADDININ KIRISTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da masu wa'azin bishara suke nufi idan suka ce wa mutum ya karɓi Yesu Almasihu ya zama Mai Cetonsa na kansa, ko kuma suka ce Kiristanci dangantaka ce ta ƙashin kai tsakanin mutum da Allah. A wannan babi kuwa za a koma ga Littafi Mai Tsarki ne, a dubi ayoyin da aka fi kafa hujja da su, domin a ga ko suna ɗauke da nauyin da aka ɗora musu. Ya kamata a faɗa tun farko cewa za a yi amfani da kalmomi irin su "Uba" da "Ɗa" kamar yadda Kirista suke amfani da su, tun da yake aƙidarsu ce ake nazari a kai.

Abin da wannan babi yake son nunawa shi ne, koyarwar tana da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki, sai dai da yawa daga cikin ayoyin da suka fi shahara a bakin masu wa'azi da jama'a aka yi magana a cikinsu, kuma ayoyin da suka fi ƙarfi a matsayin hujja ba su raba mutum da jama'arsa ba. Maganar tana da muhimmanci, domin a kanta ne ake auna wanda ake ɗauka Kirista na gaske da wanda ake cewa Kirista ne na suna kawai, har akan sami mai bi yana shakkar imaninsa don bai taɓa jin wani abu na musamman a zuciyarsa ba.

3.1 Asalin Lafazin

Lafazin nan na "dangantakar ƙashin kai" bai zo ba ko sau ɗaya a cikin Tsohon Alkawari ko Sabon Alkawari. Tarihi ya nuna cewa ya sami gindin zama ne sannu a hankali. A shekarar 1675 Philipp Spener ya wallafa littafinsa Pia Desideria a Jamus, inda ya yi kira ga ibadar zuciya da taruwa a ƙananan ƙungiyoyi don karatun Littafi. A ranar 24 ga Mayu, 1738, John Wesley ya halarci wani taro a titin Aldersgate da ke Landan, ya kuma ba da labarin cewa a nan ne ya sami tabbacin an gafarta masa zunubansa shi da kansa. A ƙarni na 20 kuma Bill Bright, wanda ya kafa ƙungiyar wa'azi a tsakanin ɗaliban jami'a a Amurka a 1951, ya taƙaita saƙon cikin ƙa'idoji huɗu a wani ɗan ƙaramin littafi da ya bazu ƙasashe da dama. Mishanonin da suka yi aiki a Arewacin Nijeriya, musamman SIM wadda ta faro a 1893, daga wannan zuriya ta masu bishara suka fito.

Rashin samun lafazi a cikin nassi bai isa ya rushe aƙida ba. Kalmar Triniti ma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, amma mafi yawan Kirista sun yarda ma'anarta tana nan. Saboda haka ba za a tsaya a kan lafazi ba.

3.2 Matsalar Wakilin Suna

A nan ne mai karatu da Hausa ya fi mai karatu da Ingilishi sa'a. Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, da Helenanci, harshen Sabon Alkawari, duka sun bambanta tilo da jam'i a wakilin suna na mutum na biyu. Ingilishin da aka yi fassarar King James da shi a 1611 ya riƙe wannan bambanci, amma Ingilishin yau ya zubar da shi, kalma ɗaya ce ake faɗa wa mutum guda da kuma taron mutane. Hausa kuwa tana da "ka" da "ki" da "ku", don haka tun daga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 zuwa ta 1979, tilas ne mai fassara ya zaɓi ɗaya a kowace aya. Wa'azin da aka gina a kan nassin Ingilishi, sa'an nan aka juya shi zuwa Hausa a kan mumbari, shi ne yakan mayar da "ku" ya koma "ka" ba tare da an lura ba.

Misali na farko shi ne Irmiya 29:11, ayar da ake yawan rubutawa a katin gaisuwa da bayan mota, wadda take magana a kan shirin alheri da Allah ya yi. Ana karanta ta kamar alkawari ne ga mutum ɗaya game da karatunsa ko aurensa ko sana'arsa. Amma ayar tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, kuma wakilin sunan jam'i ne. Aya ta 10 da ke gabanta ta ce sai bayan shekara 70 za a komo da su. Wato ke nan mafi yawan dattawan da suka saurari wasiƙar a Babila za a binne su. Alkawarin na al'umma ne, jikoki ne za su ga cikarsa. Wanda ya ɗauke shi a matsayin tabbacin nasara ta ƙashin kansa, ya karanta aya ta 11 ya tsallake ta 10.

Misali na biyu shi ne Wahayin Yahaya 3:20, inda aka siffanta Almasihu a tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Kusan babu taron bishara da za a tashi ba a ambaci wannan aya ba, ana cewa ƙofar zuciyar mai zunubi ce. Idan aka koma ga aya ta 14, za a ga cewa saƙon na ikilisiyar Lawudikiya ne, wani birni a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, kuma mutanen da ake tsawata wa sun riga sun zama masu bi, laifinsu shi ne sun yi tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi. Kalmar zuciya ba ta cikin ayar. Hoton da mai zane Holman Hunt na Ingila ya yi a farkon shekarun 1850, na ƙofar da ba ta da mariƙi ta waje, ya taimaka ƙwarai wajen dasa wannan fassara a zukatan mutane. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa rabin ayar na biyu da tilo ya zo: duk wanda ya ji muryar ya buɗe, shi ne za a ci abinci tare da shi. Ashe ke nan ayar tana kiran mutum ɗaya, amma mutum ɗaya da ke zaune a cikin ikilisiyar da ta bar Ubangijinta a waje.

Haka kuma abin yake a 1 Korantiyawa 3:16, inda Bulus ya kira masu karatunsa haikalin Allah. Su da yawa ne, haikalin guda ɗaya, kuma abin da ya jawo maganar shi ne rabuwar kai, wasu na cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos. Sai a sura ta 6, aya ta 19, ya kawo misalin haikali a kan jiki da halin kowane mutum.

Sai dai kuma wannan ma'auni na wakilin suna yana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Dokoki Goma da ke Fitowa sura ta 20 da tilo aka faɗe su, alhali al'umma ce gaba ɗaya take tsaye a gindin dutsen. Haka nan umarnin ƙaunar Allah da zuciya ɗaya a Maimaitawar Shari'a 6:4-5, an fara shi da kiran Isra'ila, sa'an nan aka ci gaba da tilo. Ana iya cewa an ɗauki al'ummar kamar mutum guda, ana kuma iya cewa an nufi kowane mutum a cikinta. Don haka ƙidayar "ka" da "ku" ita kaɗai ba ta yanke hukunci, dole a haɗa da mahallin da ayar ta zo a ciki.

3.3 Kalmar "Abba"

Wata hujja da ta shahara ita ce kalmar Aramiyanci "Abba", wadda ta zo sau 3 kacal a Sabon Alkawari: Markus 14:36, da Romawa 8:15, da Galatiyawa 4:6. Masanin nan na Jamus Joachim Jeremias ya yi fice da ra'ayin cewa kalmar ta samo asali ne daga gwalantun ƙananan yara, kuma kiran Allah da ita wani sabon abu ne da Yesu ya zo da shi. Masu wa'azi suka ɗauki rabin farko na wannan ra'ayi suka faɗaɗa shi, har ya zama ana koyar da cewa mai bi zai iya yi wa Allah magana kamar yadda ɗan yaye yake yi wa mahaifinsa shagwaɓa.

Barr (1988) ya soki wannan fahimta. Ya nuna cewa a zamanin Yesu manya ma da wannan kalma suke kiran iyayensu maza, kuma a duk wurare ukun marubutan sun biyo ta da kalmar Helenanci ta yau da kullum mai nufin uba, alhali Helenanci yana da kalmar yara da za su iya ɗauka in da ita suke nufi. Shi kansa Jeremias ya amince daga baya cewa ba yara kaɗai ke faɗin ta ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kuwa magidanci mai furfura yakan durƙusa ya ce "Baba", ko ma "Abba" a wasu gidaje, kuma babu wanda zai ce ya yi yarinta. Akwai kusanci a cikin kiran, akwai kuma girmamawa da biyayya. Wurin da Yesu ya furta kalmar ma abin lura ne: a Getsamani, a daren da aka kama shi, yana roƙon a ɗauke masa wahalar da ke tafe, daga ƙarshe ya miƙa wuya ga nufin Uban.

A ganin mai wannan bincike, gyaran da Barr ya yi bai raunana hujjar ba, ya dai canza mata kama. Dangantakar da kalmar take nunawa ta ɗa baligi ce da ubansa, mai haƙƙin gādo da kuma nauyin gida a wuyansa, kuma maganar gādo ce Bulus ya bi da ita a wuraren biyu.

3.4 Inda Hujjar Ta Fi Ƙarfi

Akan fara da Ibrahim, wanda aka kira aminin Allah a Ishaya 41:8 da Yakubu 2:23 (Musulmi ma sun san shi da laƙabin Khalilullahi), da kuma Musa, wanda Fitowa 33:11 ta ce Allah yakan yi magana da shi kamar yadda mutum yake yi da abokinsa. Waɗannan misalai suna da kyau, amma ba su isa hujja ga kowa da kowa ba, domin nassin da kansa ya keɓe su. Littafin Ƙidaya 12:6-8 ya bambanta Musa da sauran annabawa, Maimaitawar Shari'a 34:10 kuma ta ce ba a sake yin kamarsa a Isra'ila ba.

Hujjar da ta shafi talaka tana cikin Zabura. A cikin waƙoƙi 150 da ke littafin, kashi mafi yawa bisa rabon da Hermann Gunkel ya yi su ne koke-koken mutum ɗaya. An yi muhawara a kan ko wane ne "ni" ɗin da ke magana a cikinsu. Smend (1888) ya ce al'umma ce aka mutumtar, Balla (1912) ya mayar masa da martani cewa in ba mahallin ya nuna akasin haka ba, mutum ne na gaske. Ra'ayin Balla ne ya fi karɓuwa, kuma dalilinsa a fili yake: mai waƙar yana kukan ciwo a ƙasusuwansa, da abokin da suka ci abinci tare ya ci amanarsa, da rashin barci. Zabura 23 da 63 da 139 duka muryar mutum ce da yake kiran Allah nasa. Amma akwai abubuwa biyu da masu wa'azi ba su cika ambata ba. Na ɗaya, wannan murya a cikin taro take ƙarewa. Zabura 22 ta fara da kukan wanda yake jin an yashe shi, amma daga aya ta 22 ya koma alkawarin yin yabo a tsakiyar taron jama'a, mai Zabura 42 kuma abin da yake tunawa yana hawaye shi ne lokacin da yake tafiya Haikali tare da ayari. Na biyu, dangantakar ba kullum take da daɗi ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu, babu amsa, kuma duk da haka an bar ta a cikin littafin addu'a. Wannan babi na Zabura shi kaɗai ya isa ya nuna kuskuren auna dangantaka da Allah da abin da mutum yake ji a ransa.

Sai Irmiya 31:31-34, nassin sabon alkawari, wanda Ibraniyawa 8:8-12 ta ɗauko shi dungum. A ra'ayin mai wannan bincike, nan ne ginshiƙin maganar duka. An ce za a rubuta shari'a a zuciya, kuma kowa zai san Ubangiji daga ƙarami har babba, ba sai maƙwabci ya koya wa maƙwabcinsa ba. Ayoyi biyu da suka gabace shi sun soke karin maganar nan ta 'ya'yan inabi masu tsami da iyaye suka ci haƙoran 'ya'ya suka mutu, suka ce kowa zai ɗauki alhakin kansa, kamar yadda Ezekiyel sura ta 18 ta faɗaɗa. Abin da aka keɓe wa Musa a da, yanzu an buɗe shi ga kowa. Amma da wa aka ƙulla alkawarin? Da gidan Isra'ila da gidan Yahuza, kuma jimlar da ke tsakiyarsa ita ce wadda ta zo tun a Fitowa 6:7 da Littafin Firistoci 26:12, cewa zai zama Allahnsu su kuma su zama jama'arsa.

Sabon Alkawari ya bi wannan tsari na shiga da fita tsakanin tilo da jam'i. A Matiyu 6:6 Yesu ya umarci mutum ɗaya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi addu'a a ɓoye, amma addu'ar da ya koyar a aya ta 9 zuwa 13 ta jam'i ce daga farko har ƙarshe: Uban namu ne, abincin namu ne, laifuffukan ma namu ne. Mai addu'a yana shi kaɗai a ɗaki, bakinsa kuwa yana cewa "mu". A Galatiyawa 4:6 Bulus yana magana da jam'i, sai a aya ta 7 ya juya kwatsam zuwa tilo, kamar ya nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce masa shi ɗa ne, ya daina zama bawa. Galatiyawa 2:20 kuwa, inda ya ce Ɗan Allah ya ƙaunace shi ya ba da kansa dominsa, babu wata aya a wasiƙunsa da ta fi ta zama ta ƙashin kai. Sai dai Stendahl (1963) ya yi gargaɗi cewa Turawan Yamma sun saba karanta Bulus da idon Agustin da Luther, wato da idon mutumin da lamirinsa ke damunsa, alhali babbar damuwar Bulus ita ce yadda Yahudawa da al'ummai za su zama jama'a ɗaya. Gargaɗin ya dace da wannan wuri, domin ayar ta biyo bayan labarin rigimar da Bulus ya yi da Bitrus a Antakiya a kan cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba.

Bisharar Yahaya ita ce ta fi kowace ba masu wannan koyarwa abin kamawa. Makiyayi yana kiran tumakinsa da sunansu (10:3), Maryamu Magadaliya ta gane Yesu a bakin kabari ne lokacin da ya kira sunanta (20:16), kuma 14:23 ta yi alkawari da tilo cewa Uba da Ɗa za su zauna tare da wanda ya ƙaunaci Yesu ya kiyaye maganarsa. Wanda ya ce babu dangantakar ƙashin kai a Sabon Alkawari bai yi wa waɗannan ayoyi adalci ba. Ko Cocin Katolika, wadda aka fi sani da ba da ƙarfi ga ikilisiya da sakramenti, ta yi magana da irin wannan harshe: Fafaroma Benedict na 16 a wasiƙarsa ta 2005 ya bayyana zama Kirista da cewa haɗuwa ce da wani, Fafaroma Francis kuma a 2013 ya gayyaci kowane Kirista ya sabunta haɗuwarsa da Yesu.

3.5 Ma'anar "Sanin Allah"

Saura tambaya ɗaya, wato da me nassin yake gane wanda yake da wannan dangantaka. Kalmar Ibrananci "yada", wadda ake fassarawa da "sani", ta wuce sanin labari. Ita ce aka yi amfani da ita a Farawa 4:1 game da Adamu da matarsa, shi ya sa masu wa'azi suke cewa sanin Allah kusanci ne. Wannan gaskiya ne. Amma Irmiya ɗin nan da ya yi alkawarin kowa zai san Ubangiji, ya riga ya faɗi abin da yake nufi a 22:15-16. Yana tsawata wa Sarki Yehoyakim, wanda ya gina fada da gumin mutanen da bai biya su ladansu ba, sai ya tuna masa da mahaifinsa Yosiya, wanda ya tsaya wa matalauta da masu bukata a shari'a, ya ce wannan shi ne sanin Ubangiji. Wasiƙar Yahaya ta Fari 4:20 ta ƙaryata wanda yake da'awar ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, Matiyu 7:21-23 kuma ta kawo mutanen da suka yi annabci da al'ajibai da sunan Yesu, amma ya ce bai taɓa saninsu ba.

Wuri mafi bayyana shi ne Yahaya 21:15-17. A nan babu taron da ake yi wa jawabi, Yesu ne da Bitrus, ya kira shi da sunansa da sunan mahaifinsa, ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, daidai da sau 3 da ya yi musun saninsa. Da wuya a sami zance na ƙashin kai da ya wuce wannan a cikin bisharu huɗu. Kowane lokaci Bitrus ya amsa, abin da aka ba shi aiki ne a kan waɗansu mutane, wato ya yi kiwon tumakin. Da ya waiwaya ya ga wani almajiri yana biye da su ya tambayi makomarsa, aka ce masa wannan ba ruwansa, shi dai ya bi, kuma a aya ta 22 wakilin sunan tilo ne.